A riƙa auna jinin marasa lafiya a kwance da a tsaye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata lalura da nake fama da ita shekara uku ke nan, wadda na tabbata akwai masu ita da yawa a garuruwanmu, amma ba su san sunanta ba balle maganinta. Kowa ya san hawan jini, domin gidajen rediyo da asibitoci sun yi ƙoƙari wajen wayar da kan jama'a a kansa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne faɗuwar jini a duk lokacin da mutum ya miƙe tsaye, da kuma magungunan da ake bayarwa domin a ɗaga shi, waɗanda amfaninsu da haɗarinsu suke tafiya tare.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya, kuma na yi shekara goma sha huɗu da ciwon suga. Abin ya fara mini da jiri idan na tashi daga kan tabarma, sai nauyi a ƙeya da kafaɗu kamar wanda ya ɗauko kaya daga nesa. Wata Juma'a a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Argungu yake wuce digiri 40, na zauna tun kafin liman ya hau mumbari har ya kammala huɗuba. Da aka tayar da iƙama na miƙe tare da mutane, sai muryar ladan ta yi mini nisa, idanuna suka yi duhu daga gefe zuwa tsakiya, ban sake sanin inda nake ba sai da na farka ana yayyafa mini ruwa, leɓena ya fashe, hulata tana hannun wani yaro.

Daga ranar shawarwari suka yi ta zuwa. Wasu suka ce iska ce, aka kawo tofi da rubutu. Mafi yawa suka ce jini ne ya yi ƙasa, sai aka cika mini gida da hanta da zogale da kwalaben maganin ƙarin jini. A nan ne nake ganin harshenmu yake rikita mu, domin da kalma ɗaya muke kiran abu biyu. Ƙarancin jini daban, faɗuwar ƙarfin da yake tura jinin zuwa ƙwaƙwalwa daban, kuma mutum yana iya kasancewa da jini cikakke a jikinsa amma ya riƙa sumewa saboda jinin ba ya hawa kai a kan lokaci. An gwada jinina aka ga bai ragu ba. A wani ƙaramin asibiti kuma aka auna ni ina zaune, aka ga awon ya ɗan haura, sai aka ɗora ni a kan maganin hawan jini, wanda ya sa a cikin mako biyu na faɗi sau uku, ɗaya a bakin banɗaki da asuba. Ban riƙe ma'aikacin a zuciya ba, domin ya yi aiki ne da abin da na'ura ta nuna masa, amma da ya ce in miƙe ya sake aunawa, da ya ga abin da yake faruwa.

Wani likita a Sakkwato ne ya gano matsalar, kuma bai yi amfani da komai ba sai na'urar awon jini da agogon hannunsa. Ya sa na kwanta minti biyar ya auna, ya samu 150 bisa 85. Ya ce, "Baba, tashi ka tsaya, ka riƙe gadon." Bayan minti uku awon ya koma 95 bisa 60, alhali bugun zuciyata bai ƙaru da abin kirki ba. Ya bayyana mini cewa duk wanda ya miƙe, jini kimanin rabin lita ko fiye yakan gangara zuwa ƙafafu da ciki, sai wasu jijiyoyi da suke aiki ba tare da umarnin mutum ba, waɗanda su ne suke kula da bugun zuciya da gumi da narkar da abinci da fitsari, su matse hanyoyin jini nan take domin kada ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Idan waɗannan jijiyoyi suka lalace, likitoci suna kiran lalurar disotonomiya, kuma ciwon suga da ya daɗe yana cikin manyan abubuwan da suke jawo ta, haka ma cutar makyarkyata ta Fakinsin. Ƙa'idar da suke bi ita ce, idan lambar sama ta ragu da 20 ko ta ƙasa ta ragu da 10 a cikin minti uku da tsayuwa, to jinin mutum yana faɗuwa.

Bai fara da ƙwaya ba. Ya dakatar da maganin hawan jinin, ya ce in yawaita shan ruwa, in sha kofi biyu kafin in sauko daga gado, in zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin in miƙe, in kuma daina cika ciki da tuwo a zama ɗaya, domin jini yakan taru a hanji bayan cin abinci mai nauyi. Da ya ce a ƙara mini gishiri a miya sai da maiɗakina ta nemi ya maimaita, saboda shekaru ta yi tana rage shi domin lafiyata.

Da hakan bai wadatar ba sai ya rubuta mini fuludirokotizon, ƙaramar ƙwaya da take sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa a jiki. Jirin ya ragu, amma bayan wata ɗaya ƙafafuna suka kumbura har takalmin da nake zuwa masallaci da shi ya daina shiga, ga ciwon kai, gwaji kuma ya nuna sinadarin fotasiyam ya ragu a jinina, abin da yake iya rikita bugun zuciya. Sai ya mayar da ni kan midodirin, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1996, kuma aikinsa shi ne matse hanyoyin jini kai tsaye.

Ba zan ɓoye alherin wannan magani ba. Kafin awa ɗaya da shansa nakan ji kaina ya washe, in iya tsayuwa a sahu, in je kasuwa in dawo da ƙafata, abin da na fitar da rai da shi. Sai dai ƙarfinsa ba ya wuce awa uku zuwa huɗu, don haka rayuwar mai shansa takan koma bin agogo, ya tsara fitarsa da sallarsa a kan lokacin da ƙwayar take aiki. Yana tayar da tsikar jiki ko da ana zafi, yana sa ƙaiƙayi a fatar kai kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin hula, yana kuma iya riƙe fitsari, musamman ga dattawa. Babban haɗarinsa kuwa shi ne, maganin bai san ko mutum yana tsaye ko yana kwance ba. Wata rana na sha na azahar, na manta na kishingiɗa domin ƙailula kamar yadda na saba tun ina saurayi, sai na tashi kaina yana sarawa, ɗana ya auna ni a kwance ya ga lambar sama ta kai 190. Tun daga ranar na bar kwanciyar rana sai dai in huta a kujera, ba na shan ƙwayar ƙarshe sai da saura aƙalla awa huɗu in kwanta, aka kuma sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gadona ta wajen kai. Mutum ɗaya ne yake da faɗuwar jini da rana da hawan jini da dare, kuma na daren shi ne yake iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda.

Wannan ne ya sa hankalina ya tashi da wani maƙwabcina ya zo ya ce, "Malam, ka sam mini ƙwayar nan taka ko guda biyu, ni ma jiri nake ji." Na hana shi, ya tafi ransa a ɓace, daga baya aka gano maganin da yake sha domin matsalar fitsari ne yake saukar masa da jini, kuma gyara shansa kawai ya wadatar. Jiri yana da dalilai da yawa, daga ƙishirwa da zazzaɓi zuwa matsalar kunne da ta zuciya. Akwai ma wani nau'in wannan lalura da ya fi kama 'yan mata, inda jini ba ya faɗuwa amma bugun zuciya yakan ƙaru da 30 ko fiye a minti idan sun miƙe, kuma abin baƙin ciki ne yadda ake saurin cewa aljanu ne ko son jiki. Ganin yadda muka saba shiga kemis mu ambaci sunan magani a miƙo mana, ina jin tsoron ranar da sunan waɗannan ƙwayoyi zai bazu ba tare da gargaɗinsu ya bazu ba. Ni kaina ban taɓa samun midodirin a garinmu ba, sai an aiko mini daga nesa da tsada, kuma duk wanda yake sayen magani ta hannun ɗan aike ya san fargabar jabu.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi shi ne ta umarci ma'aikatanta, tun daga ɗakunan shan magani na ƙauyuka, su riƙa auna jinin duk mai ciwon suga da duk dattijon da ya zo da kukan jiri ko faɗuwa, su auna sau biyu, a kwance da kuma a tsaye, kafin a rubuta masa wani magani. Aikin ba ya bukatar sabuwar na'ura, kuma bai kai minti goma ba. Ina kuma roƙon limamanmu su riƙa tunatar da jama'a sauƙin da shari'a ta yi wa wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune, domin dattawa da yawa kunya ce take sa su miƙewa har su faɗi. Idan kuma wani ya sume a sahu, kada a yi gaggawar zaunar da shi ko ɗura masa ruwa a baki. A bar shi a kwance, a ɗaga ƙafafunsa sama, a ba shi iska, idan ya farfaɗo a kai shi asibiti a gaya wa likita cewa miƙewa ya yi ya faɗi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Argungu, Jihar Kebbi.