Kwabban Kakanmu Masu Huji: Mu Ajiye Ko Mu Sayar?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka na wannan shiri kuna lafiya. Na san yawancin wasiƙun da ke zuwa maka na aure ne da zaman gida. Tawa ta tsofaffin kuɗi ce, amma ita ma ta fara sa 'yan'uwa kallon juna a kaikaice, shi ya sa na ce bari in nemi shawara tun abin bai yi tsami ba.

Mahaifinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Wajen fito da kayansa domin rabon gado aka tarar da wata adakar ƙarfe ta kakanmu, wanda malamin awon gyaɗa ne a nan Gusau zamanin Turawa. A cikinta akwai jakunkunan zane biyu cike da kwabbai masu huji da aninai. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne yawancinsu sababbi ne fil, ba su taɓa zagaya kasuwa ba. Ga alama canjin da ake ba shi ne na biyan manoma, ya rage, ya ɗaure bakin jaka ya manta.

Farare sun fi yawa. A fuska ɗaya akwai tauraro mai tsini shida da shekarar 1936, a ɗaya fuskar kuma kambin sarauta ne a saman hujin, da rubutun Larabci a ƙasansa, sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas ya kewaye su. Idan ka karkata ɗaya a rana sai ka ga ƙyallin yana zagayawa, ko ƙwarzane babu. Ɗaya jakar kuwa jajaye ne na tagulla, na 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da kuɗin ƙasar nan. Su ne damina ta ɗan taɓa, wasu sun yi kore-kore a bakin hujin.

Daga nan baki ya rabu. Autanmu ya ga ana yayatawa a Facebook cewa kwabo mai huji ya kai miliyoyi, har ya fara lissafin mota. Baffanmu ya ce shirme ne, tun 1973 da naira ta shigo aka daina karɓar waɗannan, a kai wa 'yan gwangwan su auna a kilo a huta. Goggo kuwa, Allah ya saka mata, har ta jiƙa tsamiya da toka za ta wanke su su yi haske, na riƙe hannunta da ƙyar.

Ni malamin makaranta ne, na ɗan zauna na karanta abin da masu tara tsofaffin kuɗi ke dubawa. Na gane cewa tsufa kaɗai ba ya sa kwabo tsada. Shi Edward na Takwas a Janairun 1936 ya hau, a Disamba ya yi murabus, a Ingila ma ba a kashe kuɗi mai sunansa ba, shi ya sa masu tarawa ke sha'awar namu. Sai dai miliyoyinsu aka buga, don Najeriya da Gwalkwas (Gana ta yanzu) da Saliyo da Gambiya duk kuɗi ɗaya suke kashewa a lokacin, saboda haka ba abu ne mai wuyar samu ba. Abin da ke raba farashi shi ne lafiyar kwabon. Wanda hannu ya cinye rubutunsa ba ya kai komai, wanda bai taɓa shiga hannu ba shi ake nema. Kuma da zarar an goge shi da tsami ko toka, wannan ƙyallin na asali ya tafi ke nan, gwani yana kallo zai gane, ya karya kuɗin. Har ƙananan haruffan da ke nuna ma'aikatar da ta buga suke dubawa, H ko KN, dukkansu na birnin Birmingham. Na sa madubin ƙara girma, na ga muna da iri biyun.

Akwai kamfanoni a Amurka irin su NGC da PCGS da ke tantance kwabo su rufe shi a roba da shaidar darajarsa, amma da dala ake biyan kowane ɗaya, ga kuɗin aikawa. Ina tsoron kada kuɗin tantancewar ya fi kuɗin kwabon.

Ana cikin haka wani dillali ya zo daga Kano, ban san wa ya tsegunta masa ba. Ya zazzage su a tabarma (raina ya ɓaci da jin yadda suke karo da juna), ya ware fararen gefe, ya yatsina fuska, ya taya duka a naira dubu sittin. Yadda ya ƙi tashi bayan na ce a'a, ya yi ta ƙara dubu biyar-biyar, shi ya nuna mini abin ya fi haka. Ni na hana cinikin, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Yanzu kowa ni yake tambaya ina kuɗin.

Ra'ayina, Malam, a ajiye su. Ba na tsammanin za su mai da kowa attajiri, amma ba a ƙara buga su, naira kuwa kullum sauka take yi, kuma wanda zai biya abin kirki ba a ƙofar gida ake samunsa cikin gaggawa ba. Na naɗe kowane ɗaya a takarda, na sa a wuri busasshe. To amma ba nawa ba ne ni kaɗai. Cikin magada akwai ƙanwata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita dubu biyar ɗin yau ta fi mata alƙawarin shekara goma.

Na yi tunanin in biya kowa kasonsa bisa tayin dillalin in riƙe kwabban. Sai na tuna cewa ni ne na fi kowa sanin darajarsu, in gobe suka yi kuɗi za a ce yaya ya yi wa ƙannensa wayo, kuma ko ba a faɗa ba zuciyata ba za ta kwanta ba. In kuma aka raba su ɗai-ɗai, na san rabin gidan a mako guda za su sayar a banza.

Don Allah Malam, ya halatta in jinkirta rabon wannan ɓangare na gado da fatan ƙarin daraja alhali wasu magada na cikin buƙata? Idan saye zan yi, wane farashi ne adalci tunda babu tsayayyar kasuwarsu a nan? Kuma in akwai mai sauraro da ya taɓa sayar wa masu tara kuɗi na gaskiya, ko ya san ko gidan tarihin kuɗi na Babban Banki da ke Abuja yana duba wa mutane irin wannan, ina roƙon ya turo bayani ta shirin. Baffa ya ba ni zuwa bayan Babbar Sallah in kawo matsaya.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira.

Naka mai sauraro,
wani magaji daga Gusau