Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Korar 'Ya'yan Talakawa Daga Makaranta

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya kamaci uba, muna roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Martaba Sarki nasara. Mu talakawanka ne: iyayen yara, mata masu riƙon marayu, da limaman unguwa. Ba tarbiyyarmu ba ce mu ɗaga murya a gaban manya, amma tura ta kai bango.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, aka koro yara daga firamaren unguwarmu saboda ba su kai kuɗin jarrabawa da na tsintsiya ba. A cikinsu akwai wata marainiya 'yar aji huɗu, kakarta ce ke riƙonta da ɗan abin da take samu a wankau da surfe. Yarinya ta koma gida tana kuka, tsohuwa ba ta da ko sisi, sai ta karɓo mata tallan gyaɗa a maƙota, ta ce ta je bakin titi ko Allah zai sa a haɗa abin da za a kai wa malam. Kafin azahar ɗan adaidaita sahu ya kaɗe ta, ƙafarta ta karye. Waɗanda suka ɗauko ta sun ce hijabin makaranta ne a jikinta, guntun fensirinta na ƙulle a gefensa. Yanzu haka tana kwance a gidan mai ɗori, domin asibiti ya fi ƙarfin kakarta.

Allah ya taimake ka, a wannan lokacin cikin aji ya kamata a same ta.

Mu ba 'yan boko ba ne sosai, amma mun san tun 2004 akwai dokar ƙasa da ta ce karatun shekara tara, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole, har ta haramta karɓar kuɗi a hannun ɗalibi. A nan Kano an shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, aka kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Duk mun ji a rediyo, mun yi murna. To ina kyautar take, idan yaron da ya fito gida ko kokon safe bai sha ba za a tare shi a bakin ƙofa da bulala? Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, magidanci da yawa a cikinmu abinci sau ɗaya yake iya kawowa gida. Abin da wani yake gani canji ne, a wurinmu kuɗin cefanen yini ne.

Ba yau muka fara kuka ba. Mun je wurin shugaban makaranta, mun zauna da kwamitin iyaye, mun kai takarda ofis, an ce mu dawo, mun dawo, an ce ana dubawa. Har mun daina ƙirga zuwan. Ajin da iska ta yaye wa kwano tun daminar bara yana nan a buɗe, yara na zaune a kan buhunan da suka zo da su daga gida. Ba mu ce duk laifin malamai ba ne, mun san akwai mai sayen alli da kuɗin aljihunsa. Amma rashin alli ba dalili ba ne na tura marainiya titi.

Saboda haka muke durƙusawa a gabanka, ranka ya daɗe. Muna roƙo ka kira shugaban makarantar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a faɗa a gabanka, a gaban iyaye, cewa an daina korar yaro saboda kuɗi, kowane irin suna aka laƙaba wa kuɗin. A mayar da duk waɗanda aka kora wannan makon. A dubi yarinyar nan, a kai ta asibiti kafin ƙafar ta lalace. Ka sa baki a rufe ajin nan kafin ruwa ya sake sauka. Muna kuma roƙo ka tara masu hali na wannan gunduma, domin kai za su ji wa kunya ba mu ba, a ware wani abu daga zakka da sadaka don kayan makaranta da littattafan marayu, a damƙa shi hannun amintattu da masu unguwanni suka sani. Mu ma ba za mu naɗe hannu ba, magina da kafintocin cikinmu sun ce za su yi aikin ba lada in an kawo kwano da katako.

Sannan, Allah ya ja zamaninka, muna sake roƙo: a daina korar yaran nan. Idan ka samu sarari, muna fatan ka tako da kanka ba tare da an sanar ba, ka ga inda 'ya'yanka suke zama.

Allah ya ƙara girma, ya tsare mana kai.

Mu ne masu biyayya,
Iyayen yara, masu riƙon marayu da limaman unguwa.