Dariyar da aka yi a shirinku ta ƙona min rai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na 10 ga Oktoba, wanda kuka ce na Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya ne. Har yau ban huce ba.

Ba da Alhajin da ya bugo waya nake ba, wanda ya ce wai yaron da ba ya biyan haya, ba ya cefane, wace damuwa gare shi, sangarta ce kawai, dorina ce maganinta. Shi iya saninsa ke nan, irinsa sun cika gari. Da mai gabatarwarku nake. Ya tuntsire da dariya, ya gaskata shi, ya katse likitar da kuka gayyato, aka sako talla. Baiwar Allah tana cikin bayanin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin masu irin wannan larura tun kafin su wuce shekara 14 take soma musu, ba a bari ta kai aya ba. To don me kuka taso ta daga wurin aikinta?

Ni na riƙe ɗan yayana. A 2014 suka gudo daga Gwoza yana ɗan shekara 7, uban bai fito ba. Yaro ya iso Gombe babu ko ƙwarzane, muka yi hamdala, aka sa shi makaranta. Sai fitsarin kwance ya dawo masa, abin da ya bari tun ana goya shi. Kullum katifarsa na kan katanga, yaran unguwa suna binsa da amalala. Salansar babur ta buga a bakin titi, sai a jawo shi daga ƙarƙashin gado, ya toshe kunnuwa, jiki na ɓari. Da bam ya tashi a tashar Dukku a watan Disambar shekarar, magana ma ɗauke masa ta yi, har malaminsa ya raɗa masa kurma. Dorinar da Alhajinku yake yabo kuwa ya sha ta, a hannun kawunnansa da a makaranta. Fitsarin ƙaruwa ya yi.

An yi ruƙiya, an sha rubutu, kuma ban raina addu'a ba, har gobe ina yi masa. Amma da dangi suka ce a kai shi gidan mari, na ce sai bayan raina. Sun yi fushi da ni sosai, sai da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, aka fito da mutum sama da 300, wasu da sasari a ƙafa, har da ƙananan yara, sannan bakin kowa ya mutu.

Wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ce ta ce mu ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa. Surukata ta ce zan kai jikan mutane asibitin mahaukata in ɓata masa suna. Na rufe ido na kai shi. Likita ya ce ba hauka ba ce, abin da ya gani ne yake dawo masa. Ya hana a taɓa shi, ya ce a bar masa fitila da dare, kada a matsa masa da tambaya, a ba shi takarda da biro. Edita, da ka ga zanen farko da yaron nan ya yi, gidaje na ci da wuta, mutane kwance a hanya, wani ƙaramin mutum shi kaɗai a kan dutse, wallahi da ba ka bari an yi dariyar nan a tasharka ba. Yanzu ya zama saurayi, yana koyon gyaran waya, yana hira da mutane kamar kowa.

Irin waɗannan yara nawa ne a Bolari da Pantami da Jekadafari? A yi ta jibgarsu har zuciya ta bushe, gobe a gan su cikin 'yan dabar nan na Kalare suna haɗiyar ƙwaya, a dawo rediyo ana tsine musu. Ko dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba ku ambata ba. Ku dawo da likitar nan, ku ba ta awa guda cur, mai gabatarwarku kuma ya ba iyaye haƙuri da bakinsa.

Sannan don Allah masu tallan maganin ƙarfin mazan nan da kuke sakawa da sassafe, ana karin kumallo da yara, suna zuba batsa babu kunya. Kullum sai na yi wuf na rage murya da hannun koko. Ku mayar da su tsakar dare in kuɗinsu ne ba za ku iya bari ba.

Mai sauraronku,
wata uwa daga Pantami, Gombe