Digirin sata: a ƙwace na babba kamar yadda ake kama yaro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ni sana'ata buga takardu a kwamfuta da fotokofi nan Damagaram, memuwar ɗalibai, wato kundin binciken kammala digiri, ba adadi ta bi ta hannuna. Kwanaki wani babban mutum da aka sani a harkar siyasa ya aiko yaronsa da memuwar wani, wai in cire sunan mai ita a bango in sa nasa, in canza sunan garin da aka yi binciken, shi ke nan. Na ce ba da ni ba, yaron ko gardama bai yi ba ya ɗauki kayansa ya hau kabu-kabu, na san wani shagon ya nufa. Wallahi ranar raina ya ɓaci, don a kan bencin nan nake ganin 'ya'yan talakawa suna kai dare, wuta ta ɗauke su jira, kuɗin bugun ma sai an sayar da akuya a ƙauye, kuma layi biyu in malami ya gano sun kwafo sai ya maido musu da aikin gaba ɗaya.

A Jamus a 2011 ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg, lokacin tauraronsa na haskawa, aka gano ya kwashe rubutun mutane har da na jarida ya zuba a kundin daktansa. Jama'a ne suka taru a intanet suna bin kundin shafi-shafi. Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin a watan Fabrairu, ranar 1 ga Maris ya ajiye aiki. Annette Schavan kuwa ministar ilimi ce sukutum, kundinta na 1980 ne, amma a 2013 jami'ar Düsseldorf ta soke shi bayan shekara 33, ita ma ta sauka. Shugaban ƙasar Hungari Pal Schmitt haka ya bar kujera a 2012.

Abin lura, an kama su ne don kundin nasu na wurin da kowa zai iya karantawa. Mu kuwa sai a kira mutum Dakta a wurin taro, maroƙa na ta zuga, ba wanda ya taɓa ganin ko bangon abin da ya rubuta.

Ina roƙon jami'o'inmu, daga Yamai har Maraɗi, Tawa da nan Zinder, duk memuwa da kundin da aka kare a sa shi a intanet da sunan mai shi da shekara. Wanda aka samu da sata a soke takardar a faɗa a rediyo, ko da minista ne. Mu masu shago kuma in aka kawo irin wannan aiki mu ƙi, ko nawa za a biya.

Naku,
Mai shagon buga takardu,
Sabon Gari, Zinder