A riƙa gwada masu ciki saboda tunjere

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni ungozoma ce, kuma ciwon tunjere yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da ɗan gyambo yake farawa a al'aura, ba ya ciwo, ya warke da kansa. Daga baya ƙuraje su feso har tafin hannu da na ƙafa, a ce sammu ne, a jiƙa saiwa.

Ta saduwa ake ɗaukarsa, uwa kuma ta sa wa ɗan cikinta, a yi ɓari ko a haife shi ba rai. Wannan ne ke hana ni barci.

Mata, ranar awo ku nemi gwajin jini; idan an samu ciwon, allurar fenisilin tana kashe shi. Maigida, don Allah kai ma ka je, da sauran matanka.

Wata ungozoma, daga wani ƙauye kusa da Ringim, Jigawa