Yaƙin Koriya Bai Ƙare Ba, Ku Riƙa Faɗa Wa Masu Sauraro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina da ƙorafi kan yadda kuke kawo mana labarin Koriya. Duk sanda sunanta ya fito, to Kim Jong Un, shugaban Koriya ta Arewa, shi ne ya harba makami mai linzami, Amurka ta yi tir, Japan ta yi gargaɗi, shi ke nan a wuce. Mai sauraro sai ya ɗauka rigimar mutum ɗaya ce mai taurin kai. Alhali yaƙin da ya haifi wannan gaba har yau ba a rufe shi ba, kuma akwai tsofaffin da ke mutuwa da raɗaɗinsa a zuci.

Koriyawa al'umma ɗaya ce mai harshe ɗaya. Japan ta mulke su daga 1910 zuwa 1945, da ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu sai Amurka da Tarayyar Sobiyet suka raba ƙasar a kan layi na 38 na taswira. Hafsoshin Amurka biyu ne suka zaɓi layin, ba a tambayi Bakoriye ko ɗaya ba. A 1948 aka wayi gari da gwamnati biyu, Kim Il Sung, kakan Kim Jong Un, a Arewa, Syngman Rhee a Kudu, kowa na cewa ƙasar duka tasa ce.

Ranar 25 ga Yuni 1950 sojojin Arewa suka tsallaka, cikin kwana uku suka kama Seoul, babban birnin Kudu. Amurka ta shigo da tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da dakarun wasu ƙasashe 15, har da Habasha. Janar MacArthur ya sauke sojoji a Incheon a watan Satumba, ya kori sojojin Arewa har kusa da kogin Yalu, bakin iyakar Sin. Nan Sin ta ce ba za ta zuba ido ba, ta kwararo da dubban ɗaruruwan mayaƙa, cikinsu har da ɗan Mao Zedong, wanda ya mutu a can. Sau huɗu Seoul tana sauya hannu. Mutum wajen miliyan 3 suka halaka, akasarinsu fararen hula, jiragen Amurka kuma suka mayar da biranen Arewa kufai. Wannan ba ya wanke gidan Kim daga zaluncin da suke wa talakawansu, amma wanda bai san shi ba, ba zai gane dalilin da ya sa suka rungumi nukiliya ba. Abin da aka sa wa hannu a Panmunjom ranar 27 ga Yuli 1953 tsagaita wuta ce kawai, Koriya ta Kudu ma ba ta sa hannu ba.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne iyalan da aka raba. Uwa ta gudu Kudu da goyo ta bar sauran yara wurin kakarsu, da niyyar komawa bayan 'yan kwanaki. Sai aka datse iyaka da waya da nakiyoyi, faɗin kilomita 4. Mu muna cewa zumunta a ƙafa take, su kuwa ba ƙafa kaɗai aka hana su ba, har wasiƙa da tarho. Fiye da mutum 130,000 suka yi rajista a Kudu suna neman ganin 'yan uwansu, kuma mafi yawansu sun riga sun rasu. Kaɗan da ƙuri'a ta faɗa kansu tun daga 2000, kwana uku aka riƙa ba su tare da danginsu na Arewa, sannan a sa su a mota suna miƙa hannu ta taga. Rabon da a yi irin wannan haɗuwa tun Agusta 2018 a Dutsen Kumgang, ga shi a farkon 2024 Kim Jong Un ya ce ya daina batun haɗe ƙasar.

Malam Edita, aikinku yana da hannu a wannan tarihi. A 1983 gidan talabijin na KBS ya buɗe shiri don waɗanda yaƙi ya ɓatar wa dangi a cikin Kudu. Jama'a suka cika harabar gidan da kwalaye ɗauke da sunaye, shirin ya yi kwana 138, aka haɗa iyalai sama da 10,000.

Roƙona shi ne ku ware shiri guda kafin 27 ga Yuli mai zuwa, ku gayyato malamin tarihi ya warware mana wannan yaƙi, a kuma nemo muryar ko da tsoho ɗaya daga cikin masu jiran nan a fassara mana da Hausa. Idan kuma labarin makami mai linzami ya sake zuwa, a ƙara jimla ɗaya da ke cewa ƙasashen biyu ba su taɓa ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Na gode. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraronku daga Zariya