Wasiƙar godiya ga shagon da ya saita mini sautin mota

Assalamu alaikum Maigida, da dukkan ma'aikatan wannan shago.

Na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a kan aikin da matashin injiniyanku ya yi wa motata, wadda aka saka wa wufa (babban lasifikan bas) da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a wani wuri. Na kawo ta bas yana ta ruri babu daɗi, fitilun gaba suna lumshewa da kowane bugun ganga, wani siririn kuka yana tashi in an taka totur, ga warin ƙuna daga but.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba sai da ya bi waya. Ya tarar an ɗaure wayar da ke kama jikin mota a kan fenti, ya kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, ya rage tsawonta ƙasa da santimita 45. Wayoyin RCA, masu kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, da aka shimfiɗa tare da babbar wayar batir ya mayar da su ɗaya gefen motar, siririn kukan nan, wanda na altaneta ne (na'urar cajin batir), ya ɗauke.

Sai ya zo kan maɓallin GAIN, wanda ya samu a murɗe har ƙarshe. Ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar rediyo ne. Idan ya wuce kima, amfilifaya yana kaiwa iyakarsa ya riƙa tura gurɓatacciyar wuta, ita ce ke dafa kwail ɗin wufa. Ya kashe ƙarin bas, ya mayar da ikwalaiza sifili, ya ɗaga muryar rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, ya cire wayar wufa, ya saka sautin gwaji na 50 Hz. Amfilifayan wat 500 ne a om 2: ya ninka su ya samu 1000, tushensa (lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 1000) bolt 31.6, ya riƙa murɗa GAIN a hankali har mitar auna wuta ta nuna haka.

Ya sa wa wufa LPF (matatar da ke barin bas kawai ya wuce) a 80 Hz, lasifikan ƙofa kuma HPF (matatar da ke tare bas) a 80 Hz don su huta da ɗaukar bas. Da yake akwatin wufar mai rami ne, ya kunna matatar SUBSONIC, mai tare bas ɗin da ya yi ƙasa sosai, ƙasa kaɗan da Hz ɗin da aka tsara ramin a kai. Ya gwada PHASE, maɓallin da ke daidaita bugun wufa da na sauran lasifika, a 0 da 180 yana zaune a kujerar direba, ya bar shi inda bas ya fi cika. Allah Ya saka masa da alheri.

Abin takaici, a wurare da yawa ko mita ba sa ajiyewa. A murɗe komai, gilashi ya girgiza, a ce aiki ya yi kyau. Wasu ma wayar alminiyam mai rufin jan ƙarfe suke sakawa da sunan jan ƙarfe, su kai fiyus can but maimakon kusa da batir, duk tsawon wayar babu kariya. In wufa ta ƙone kuma su ɗora wa mai mota laifi, wai shi ya cika ƙure murya.